Yadda Ake Tafiyar da Ajin Share Fage: Jagora ga Sababbin Malamai a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Ajin share fage aji ne na shekara ɗaya da yaro ɗan shekara 5 yake zama a cikinsa kafin ya shiga aji ɗaya na firamare yana da shekara 6. A ƙauyuka an fi sanin sa da rabin aji, a makarantun kuɗi kuma ana ce masa naziri. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda hukumar UBEC take aiki da ita, ta sanya renon ƙananan yara da ilimantar da su cikin ilimin tushe. Manufar ilimi ta ƙasa da aka sabunta a 2013 kuma ta ware wa wannan shekara gurbinta kafin shekara 6 na firamare, ta ƙayyade yara 25 ga malami ɗaya, ta ce a koyar ta hanyar wasa, da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin suke yi. A Jihar Katsina hukumar SUBEB ce take da alhakin waɗannan azuzuwa a makarantun gwamnati, ta hannun sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi.

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna shiyyar Funtuwa, ƙasar masara da dawa da auduga. Matsalar 'yan bindiga ta tashi ƙauyuka da dama a yankin, ta kuma sa an rufe makarantu a lokuta daban-daban, musamman bayan sace ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020. Iyalai da yawa sun bar gidajensu sun dawo manyan garuruwa. Saboda haka a aji guda za a tarar da ɗan gari da ɗan gudun hijira, da wanda ya fara makarantar allo da wanda bai taɓa zama gaban malami ba, da mai jin Hausa da wanda Fillanci ne harshensa na gida.

Sau da yawa sabon malami ko ɗan sa-kai ake miƙa wa wannan aji, da tunanin cewa shi ya fi sauƙi. Kurakuran da ake maimaitawa sanannu ne: a mai da ajin ƙaramin aji ɗaya, a cika allo da rubutu a ce yara su kwafa, a sa su rera ABC da Turanci har a tashi, a zaunar da su awa uku wuri guda, wanda ya motsa ya sha bulala. Yaron da ya fito daga irin wannan aji yana iya rera haruffa 26 ba tare da ya gane ko ɗaya a takarda ba. Aikin ajin shi ne shirya kunnen yaro da bakinsa da hannunsa da zuciyarsa, kamar yadda manomi yake sharar gona ya yi huɗa kafin ya kai ga shuka.

Abubuwan da ake bukata

- Ɗaki mai iska da haske, ko rumfa mai inuwa wadda aka kewaye. Kada rufin ya yi yoyo, kada a sami kwanon da ya ɓalle ko ƙusa a waje.
- Tabarmi isassu. Bencin manyan ɗalibai ya yi wa waɗannan yara tsawo, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa, suna saurin gajiya.
- Ruwan sha a randa ko bokiti mai murfi, da moɗar ɗiba wadda ba a kafa mata baki, da kofuna.
- Buta da sabulu a bakin ƙofa da kusa da makewayi. In babu sabulu, a yi amfani da toka.
- Makewayi na kusa mai ƙaramin baki, wanda yaro ba zai ji tsoron faɗawa ba.
- Rajistar sunaye, da littafin lura da ci gaban yara.
- Kayan ƙirga: totuwar masara, murafen kwalba, ƙwallon goruba, guntayen kara.
- Kayan zane da rubutu: faranti mai yashi, gawayi, alli, ƙananan alluna, kwalaye. Farar ƙasa, wadda Ƙanƙara ta yi suna da ita, tana aikin alli, sai dai a sa ido domin wasu yara suna lasar ta.
- Kayan wasa da gini: yumɓu, ƙyallaye daga wurin tela, gwangwanayen da aka daddale bakinsu, tsofaffin tayoyi, ƙwallon tsumma, igiya.
- Akwatin taimakon gaggawa: auduga, bandeji, filasta, maganin wanke rauni, da ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa.
- Mataimakiya, ko da uwa ce daga unguwa da kwamitin makaranta ya amince da ita. Mutum ɗaya ba zai raka yaro makewayi ya kuma tsare sauran a lokaci guda ba.

Mataki na 1: Tantance yara da yi musu rajista

A fara da shekaru. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ko katin rigakafi su ne shaida mafi inganci. In babu, a tambayi uwa damina nawa yaron ya yi, ko kusa da wace salla aka haife shi, a kwatanta da sa'o'insa na unguwa. Tsohuwar dabarar nan ta a ce yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunne ba abin dogaro ba ce, domin yaron da bai sami isasshen abinci ba yakan yi ƙaramin jiki alhali shekarunsa sun kai. Kada a kori yaro don rashin takarda. A rubuta shi, a nuna wa iyaye inda ake yin ta.

Ban da suna, a rubuta sunan da ake kiran yaro da shi a gida, harshen da ya fi ji, unguwarsu, lambar wayar uba ko wani makusanci, wanda zai riƙa kawo shi da ɗaukar sa, da kowace lalura da yake da ita, kamar sikila, asma ko farfaɗiya.

Babban kuskure a nan shi ne barin ajin ya zama wurin ajiye ƙanne. Yayye sukan zo da 'yan shekara 2 ko 3 su zube su a rabin aji. Da zarar haka ta faru, malami ya koma mai rarrashi da wanke kashi, 'yan shekara 5 kuma su tashi a tutar babu. A daddale wannan magana da shugaban makaranta da iyaye tun ranar farko. In yara sun haura 25 da yawa, a raba su rukuni biyu, mataimakiya ta riƙe ɗaya a inuwa, a riƙa musanyawa.

Mataki na 2: Shirya ɗakin

Kowace safiya a share ɗaki, a kakkaɓe tabarmi kafin yara su shigo, saboda kunama da sauran ƙwari. A bar tsakiyar ɗaki fili don zaman da'ira. A kusurwoyi a keɓe wurare huɗu: na littattafai da hotuna, na ƙirga, na gini da yumɓu, da na wasan kwaikwayo, inda za a ajiye 'yan tukwane, sikelin wasa, 'yartsana da kayan kasuwa. Amfanin kusurwoyin shi ne yara su rabu ƙananan rukuni, kowa ya sami abin taɓawa, malami kuma ya sami damar zama da yaro biyar ko shida ya ga abin da kowannensu ya iya.

Hotuna da haruffa a liƙa su daidai idon yaro, ba can sama kusa da rufi ba. Su kasance na abubuwan da ya sani: akuya, rumbu, garma, babur, masallaci. A waje kuma a duba rijiya marar murfi, kududdufi, fasassun kwalabe da hanyar da babura suke bi.

Mataki na 3: Tsara yini

Ɗan shekara 5 ba ya iya tsare hankalinsa kan magana ɗaya fiye da minti 10 zuwa 15. Don haka a yanka yini gajeru-gajeru, ana bin zama da motsi. Ga misalin tsarin da ya dace da makarantar da take buɗewa ƙarfe 8:00:

- 8:00, tarba, gaisuwa, addu'a, duba tsafta da kiran suna
- 8:30, hira da tatsuniya
- 9:00, aikin kusurwoyi
- 9:45, wanke hannu, kalaci, makewayi
- 10:15, wasan fili
- 10:45, sautuka da haruffa, ko ƙirga
- 11:15, zane, waƙa ko hutu a tabarma
- 11:45, bitar abin da aka yi, addu'a, sallama

Jerin ya fi agogo muhimmanci. Yaron da ya san abin da zai biyo baya yana samun natsuwa, rigima kuma tana raguwa. A lokacin bazara, daga Maris zuwa Mayu, a dawo da wasan fili da sassafe. A lokacin hunturu a bar shi sai rana ta ɗaga.

Mataki na 4: Makonnin sabo

Mako biyu ko uku na farko na sabo ne. A cikinsu yara suke koyon sunan malami da na juna, inda ake ajiye takalma, yadda ake neman izinin fita, da yadda ake amfani da makewayi. Malamin da ya tsallake wannan don ya yi saurin shiga manhaja zai ƙare zangon yana tsawatarwa.

A tarbi kowane yaro a bakin ƙofa da sunansa. Mai kuka a zaunar da shi kusa, a ba shi abin riƙewa, a bar yayarsa ta zauna da shi na ɗan lokaci in da hali. Wanda ya yi fitsari a wando a canza masa a keɓe, ba tare da an bari 'yan aji sun yi masa dariya ba, domin kunyar rana ɗaya tana iya raba yaro da makaranta.

Yaran da suka ga tashin hankali suna da alamu: razana da ƙarar babur ko bugun ƙofa, shiru mai yawa, manne wa babba, ko saurin duka. Kada a tilasta musu ba da labarin abin da suka gani, kada kuma a riƙa kiran su 'yan gudun hijira a cikin aji. Abin da ya fi yi musu magani shi ne tsari marar canzawa, murya mai taushi, da wasa tare da sa'o'insu. Yaron da Fillanci ya fi ji a haɗa shi da wani mai jin harsunan biyu, malami kuma ya koyi gaisuwa da 'yan kalmomin bukata da harshensa.

Mataki na 5: Buɗe baki da kunne

Karatu daga magana yake farawa. Yaron da ba shi da yalwar kalmomi, ko ya iya haɗa baƙi, ba zai fahimci abin da ya karanta ba. Shi ya sa hira da tatsuniya suke da kaso mafi girma a wannan aji.

Ga yadda ake tatsuniya mai amfani. Malama ta zauna a tabarma tare da yara, ba a tsaye a kansu ba. Ta ɗauko labarin Gizo da Ƙoƙi, ta canza murya ga kowane ɗan wasa. Da ta kai inda Gizo ya shiga tsaka mai wuya, sai ta tsaya ta ce, "To, me kuke gani zai yi?" Wani ya ce, "Malama, gudu zai yi." Ba za ta ce daidai ko kuskure ba, sai ta ce, "Don me kake ganin zai gudu?" Ta jira ya haɗa amsarsa, ko da zai yi ta inda-inda. Ta juya ga yarinyar da ba ta yi magana ba tun safe ta nemi nata ra'ayin. Kashegari yara su maimaita labarin, kowa ya kawo abin da ya biyo baya. Rana ta uku su kwaikwaye shi. Labari ɗaya ya isa mako guda, kuma a cikinsa yaro ya koyi saurare, jeranta al'amura, hasashe da magana a gaban jama'a.

Kacici-kacici, waƙoƙin gaɗa da hirar abin da aka gani a hanya duk suna wannan aiki. A guji tambayar da amsarta "e" ko "a'a" ce kawai, a kuma guji amsar taron dangi, inda aji duka yake ɗaga murya ɗaya. A cikin wannan hayaniya yara uku ne suke amsawa, sauran suna bin baki.

Daga nan sai wasan sauti. A tafa gaɓoɓin suna: Mu-sa tafi biyu, A-mi-na tafi uku, ma-ka-ran-ta tafi huɗu. A nemi kalmomin da suka fara da sauti ɗaya: masara, mangwaro, mota. A horar da kunne ya bambance kafa da ƙafa, bata da ɓata, daka da ɗaka. Duk wannan da baki ake yi, babu alli. Turanci kuwa a shigo da shi ta gaisuwa, sunayen abubuwa da gajerun waƙoƙi, na 'yan mintuna a rana. Iyaye da dama suna auna makaranta da Turancin da yaro yake rerawa, don haka sai an yi musu bayani: wanda ya iya karatu da harshen da yake ji, shi ya fi saurin iya karatu da wani harshen.

Mataki na 6: Shirya hannu, sannan haruffa

Yatsun ɗan shekara 5 ba su gama ƙwari ba. In aka damƙa masa fensir da littafi mai ƙananan layuka tun ranar farko, zai riƙe fensirin kamar wuƙa, hannunsa ya gaji, ya tsani rubutu. A zangon farko a ba shi aikin da zai ƙarfafa yatsu: murza yumɓu, yaga takarda, zura igiya a murafen da aka huda, ɓare gyaɗa, ɗaure da kwance igiya. Sai zane a yashi da yatsa: miƙaƙƙen layi, kwantacce, karkatacce, da'ira. Daga yashi a koma gawayi ko alli a ƙaramin allo. Fensir ya zo daga baya.

Haruffa kuma a koyar da sautinsu, ba sunansu na Turanci ba. Rubutun Hausa yana bin furuci, saboda haka yaron da ya san sautin m da na a zai iya haɗa ma da kansa. A fara da wasali a, a kawo baƙaƙen da suka fi yawan fitowa irin n, k, m, a haɗa na, ka, ma, sai ga nama, kaka da mama sun fito. Harafi ɗaya a mako ya wadatar. Yaro ya ji sautin, ya faɗe shi, ya zana shi a iska da yashi, ya gina shi da yumɓu, ya nemo shi a cikin sunansa. Ba a bukatar gama haruffa duka kafin shekara ta ƙare.

Abu biyu suke ruɗa sababbin malamai a nan. Na farko, yaron da ya fara babbaƙu a makarantar allo ya saba farawa daga dama. Wannan ba kuskure ba ne, ilimi ne da ya zo da shi, domin ya riga ya san cewa alama tana ɗauke da sauti. A sa masa ɗigo a gefen hagu na allonsa, a gaya masa boko daga nan yake tashi, Larabci kuma daga dama. Na biyu, bahago. A koya masa ci da karɓa da miƙawa da dama yadda addini da al'ada suka tanada, amma a bar shi ya yi rubutu da hannun da ya fi masa sauƙi. Juya harafi, kamar rubuta b a wurin d, abu ne da aka saba gani a wannan shekaru, yana gyaruwa da maimaici.

Mataki na 7: Ƙirga da lissafi

Rera ɗaya zuwa ɗari ba ƙirga ba ne. Gwajin mai sauƙi ne. A zube totuwa bakwai a gaban yaro a ce ya ƙirga. Wanda haddar baki kawai ya yi, bakinsa zai riga hannunsa, ya kai goma kafin ya taɓa ta biyar. Sai malami ya kama yatsansa, su taɓa totuwa ɗaya su faɗi lamba ɗaya, suna matsar da wadda aka ƙirga gefe. Da an gama a tambaye shi, "To, guda nawa ke nan?" In ya sake farawa daga ɗaya, bai riga ya gane cewa lambar ƙarshe ita ce jimla ba. A ci gaba da yi da abubuwa uku, huɗu, biyar, har ya gane.

Wani gwajin shi ne a jera murafe biyar a matse, a jera wasu biyar a ƙasansu a warwatse, a tambayi wane layi ya fi yawa. Yawancin yara za su nuna mai tsawo. Ba a gyara wannan da faɗa. A sa yaro ya haɗa kowane murfi da abokinsa ya gani da idonsa.

Burin shekara shi ne yaro ya ƙirga abubuwa har 10 ko 20 daidai, ya gane lambobi 1 zuwa 10 a rubuce, ya san ƙari da ragi da kayan hannu, ya ware abubuwa bisa launi da girma, ya san da'ira da murabba'i da mai kusurwa uku. Kasuwar wasa tana haɗa waɗannan duka: wani ya kasa tumatir na yumɓu, wani ya saya da murafe, a auna yashi da gwangwani a ga gwangwani nawa yake cika kwano. A guji ƙirga da ƙwayar masara, wake ko ƙananan tsakuwa, domin yara suna cusa su a hanci da kunne.

Mataki na 8: Wasa da ladabtarwa

Wasan fili darasi ne, ba lokacin hutun malami ba. Langa tana koyar da daidaita jiki, carafke tana haɗa ido da hannu, gaɗa tana koyar da bin kari da jiran layi, ɓuya tana koyar da bin doka. Malami ya kasance a filin, idonsa a kan kowa, ya kuma tabbatar 'yan mata sun sami rabonsu na fili da ƙwallo.

Bulala, kamun kunne, tsallen kwaɗo da durƙuso a rana ba su da gurbi a wannan aji. Suna kawo shiru, amma shirun tsoro ne, kuma yaron da yake tsoro ba ya tambaya, ba ya gwadawa. Haka nan zagi da laƙabi irin daƙiƙi. Dokokin aji su zama kaɗan, huɗu ko biyar, a faɗe su da abin da ake so a yi: muna sauraren mai magana, muna mai da kaya wurinsu. In yaro ya yi duka, a durƙusa daidai tsayinsa, a kira sunansa, a gaya masa abin da ya yi da abin da ya kamata, a sa ya ba da haƙuri, in ta kama ya zauna kusa da malami na 'yan mintuna. A yaba abin kirki da sunansa: wance ta taimaki ƙawarta ta tattara kaya. Yawancin rigimar aji daga yunwa, gajiya ko dogon zama take tasowa, don haka a duba waɗannan kafin a ɗora wa yaro laifi.

Mataki na 9: Lafiya da abinci

Duban safe ya haɗa da farce, ido, kai, fata da zafin jiki. Ƙazwa, makero, ciwon ido, ƙyanda da ƙarambau suna yaɗuwa da sauri a tabarma ɗaya. A sanar da iyaye cikin sirri, yaro ya zauna gida har ya warke. Wanke hannu da sabulu bayan makewayi da kafin cin abinci ya zama doka ta kullum.

Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida da damina na 'yan wata 3 zuwa 59 ne, ke nan yawancin 'yan wannan aji sun wuce shi. A riƙa tunatar da iyaye kwana cikin gidan sauro. Malami ba likita ba ne, kada ya ba da ƙwaya ko allura. Zazzaɓi mai zafi, jijjiga, sandarewar wuya, numfashi da ƙyar, ko amai da gudawa ba tsayawa, duk na gaggawa ne: a kira iyaye a nufi asibiti. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa.

Yaron da ba ya amsa kira sai an ɗaga murya, ko mai matso da abu dab da ido, wataƙila matsalar ji ko gani ce, ba taurin kai ba. A roƙi iyaye kada su turo yaro da wofin ciki. Ko koko da ƙosai, ko ɗumame, ko dafaffen dankali ya wadatar.

Mataki na 10: Tsaro

Najeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar kare makarantu ta 2015, amma a matakin aji tsaro yana hannun malami da shugaban makaranta da kwamitin makarantar da mai unguwa. A ƙirga yara da safe, bayan wasan fili, da lokacin tashi. Kada a miƙa yaro ga wanda ba a rubuta sunansa ba, ko da ya ce shi kawunsa ne, sai an tabbatar. Yaran da suke zuwa daga nesa su taho rukuni tare da babba. A amince da alama ɗaya, kamar usur, wadda in an ji ta yara za su yi shiru su kama igiya su bi malami zuwa wurin da aka riga aka zaɓa, a kuma riƙa gwada wannan cikin sigar wasa don kada ya firgita su. Kada manya su yi hirar hari ko garkuwa a gaban yara. In hukuma ta ce a rufe makaranta, a rufe. Iyaye su ci gaba da tatsuniya da ƙirga a gida har a dawo.

Mataki na 11: Iyaye, auna ci gaba da miƙa yaro aji ɗaya

Iyaye mata ne suka fi sanin yaro, kuma da yawansu ba sa fitowa taron makaranta. Malama ko mataimakiya ta riƙa shiga gidaje, saƙon maza kuma ya bi ta hannun liman da mai unguwa. Fashi yakan yi yawa ranar kasuwa da lokacin girbi, 'yan mata kuma talla da renon ƙanne suke tsare su. Yaron da ya yi kwana uku ba a gan shi ba a bi sawunsa.

Ba a yi wa ɗan shekara 5 jarrabawar takarda, ba a kuma jera yara na ɗaya da na ƙarshe. Ana aunawa ne da lura. Kowane mako malami ya zaɓi yara biyar ya rubuta abin da ya ga sun iya da abin da ya rage. A zango na uku a riƙa kai su aji ɗaya su gaisa da malaminsa, su zauna a benci na ɗan lokaci, sannan a miƙa masa littafin lura.

Yaron da ya shirya shiga aji ɗaya shi ne wanda yake faɗin sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, yake zuwa makewayi da kansa ya wanke hannu, yake sauraren labari ya maimaita shi a jere, yake bin umarni mai gaɓa biyu, yake riƙe fensir da yatsu uku, yake gane sunansa a rubuce da sautin wasu haruffa, yake ƙirga abu goma yana taɓawa, yake jiran layinsa, yake kuma zuwa makaranta ba da kuka ba. Wanda bai cika waɗannan duka ba, ba a maimaita masa aji. In shekarunsa sun kai 6 ya shiga aji ɗaya, a sanar da sabon malaminsa inda yake bukatar taimako. Da waɗannan abubuwa ake auna aikin malamin share fage, ba da yawan shafukan da yara suka kwafa ba.